Sunaye Goma Sha Huɗu da Na Kai Dubai

Ku matso, ku ba ni aron kunnuwanku. Na tsaye ya zauna, mai goyo ta kwance shi ta ba shi nono ya yi shiru, don ba zan maimaita ba. Tun da na dawo aka hana ni sakat: Iya Asabe yaya Dubai, Iya Asabe da gaske ne babu ƙuda, Iya Asabe me kika sayo? Ban sayo komai ba. Na gaji da amsa wa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zaunar da Hadiza matar ɗana Sale, ita ce mai boko a gidan nan, ina faɗa tana rubutawa. Yadda na faɗa haka za ta sa.

Ni ungozoma ce. Shekara arba'in da ɗoriya ina yankan cibiya a garinmu na gabas, rabin masu gemun unguwar nan a tafin hannuna suka fara kuka. Ana nan ana nan, shekarar da aka sa mana dokar ta-ɓaci aka katse waya, wata Talata da hantsi yaran daji, masu tayar da ƙayar bayan nan, suka harbe soja a bakin kasuwa suka tsere. Kafin azahar masu kaki suka kewaye layin teloli, duk namijin da suka tarar sai cikin mota. Mutum goma sha huɗu daga unguwarmu. Sale yana kan kekensa yana ɗinkin kayan suna aka fizge shi, mai 'ya'ya huɗu. Muka je bariki, aka ce babu su. Muka je wajen 'yan sanda, suka ce ba aikinsu ba ne. Alƙali ya ce shi ba a kawo masa kowa ba. Haka muka ci wata goma sha ɗaya.

Ban yi boko ba, amma ina da rediyo, ina da kunne. Na ji ana cewa wannan doka wata shida ce rayuwarta, kuma shugaban ƙasa ba ya iya ƙara mata kwana sai 'yan majalisa sun ɗaga hannu sun yarda. Na ce ashe wannan aska tana da mai ba da ita. To ɗan majalisarmu kuwa Ɗanjuma ne, ɗan marigayiya Kande. Da ƙafa ya zo duniya, ya fito shuɗi ba motsi, sai da na buga tasa a kunnensa na yayyafa masa ruwan randa kafin ya tsanyara. Sau uku ina zuwa ƙofar gidansa, sai kwaɗo da maigadi. An ce tun da aka fara harbe-harbe bai sake kwana a garin ba.

Ina da 'ya a Dubai, Binta, yayar Sale, tana aikin kago, wato ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a aika gida. Ta daɗe tana roƙona in je a cire mini yanar ido, ina ƙi. Rannan da waya ta dawo, cikin hira ta ce, "Iya, kin san wa na gani a kasuwar zinari? Onarebul ɗinku. Ai yana da fulat a nan, in majalisa ta tafi hutu nan yake zuwa." Na ce, "Binta, idon nan ya matsa mini. Ki aiko da bizar." Ta yi ta murna, baiwar Allah.

Kun san al'ada, mai tafiya ba ya fita hannu sake. Matan unguwa suka yi ta shigowa da saƙo, sai dai babu wadda ta ce atamfa ko turare. Kowace sunan ɗanta ko na mijinta ta kawo. Na ce ku bar shi, sha ɗaya daga cikinsu ni na karɓe su, na san ranar kowa da sunan uwarsa, sauran ukun ku faɗa mini sau ɗaya ya isa.

Hanyar Kano kuwa kun san ta. Duk shinge sai an sauko, a ɗaga hannu sama, a taka har a wuce buhunan yashi, mota ta biyo baya. Na daina ƙirgawa. A wani shinge kafaɗata ta gaza na sauke hannu, sai wani soja ya daka mini tsawa. Na dube shi da idona mai gani, leɓensa duk ya tsage, idonsa ja kamar wanda bai san barci ba. Da Hausarsa ta bariki ya ce, "Mama, ina kai tafi?" Na ce Dubai. Ya yi dariya har bindigarsa na rawa, ya kira abokinsa ya zo ya ga tsohuwar da za ta Dubai da silifas. Na nuna masa fasfo. Ya ce in sayo masa waya. Na ce in ka gaya mini inda kuka kai Sale tela, sai in sayo maka biyu. Dariyar ta ɗauke, ya ce in wuce.

Jirgi ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Ɗaki ne mai tsawo, an ɗaure kowa da kujera, kunne na toshewa. Abin da ya tsaya mini shi ne iyakarsu, wajen duba fasfo. Su ba sa ce maka ɗaga hannu, idonka suke so. Akwai wata na'ura da kowa ke leƙawa ta karanta ƙwayar ido. Ni da na leƙa ta ƙi ni. Balaraben da ke wajen, cikin farar riga kamar ango, yana ta cewa, "Ifta, ya Hajja, ifta," wai in buɗe. Na buɗe har hawaye, amma yanar idon ta rufe komai. Aka kai ni gefe, aka kira wani, shi ma ya kira wani. Na ƙudurta a raina shi ke nan, an kwashe ni ni ma. Amma sai ga kujera, sai ga ruwa a roba, sai ga wata mata tana nuna mini agogo tana cewa, "Shuwayya, shuwayya," wai in ɗan jira. Kafin la'asar aka buga mini hatimi. Ban ce ƙasarsu aljanna ba ce, za ku ji. Na dai ce an tsare ni, kuma 'yata da ke waje an gaya mata ɗakin da nake.

Binta na zaune a wata unguwa, Hor Al Anz. Da ta ce fulat na zaci gida ne. Ɗaki uku ne, mata goma sha biyu, an raba da labule, gado kan gado. Akwai 'yan Filifin, akwai 'yar Habasha, akwai wata 'yar Maraɗi mai sayar da turaren wuta. Tukunya ɗaya ba a haɗawa, kowa da kwanonta a firji. Abincinsu shinkafa ce mai ƙamshi kamar an juye mata turare, na ci don kar in faɗi. Kwana biyu na ce a kaɗa mini kuka. Da daddawa ta ji wuta sai matan suka fito daga labule suna toshe hanci, wata na fesa magani. 'Yar Maraɗin ce kaɗai ta zo da cokali.

A nan na gaya wa Binta abin da ya kawo ni. Ta zauna daɓas a bakin gado.

"Iya, nan ba gida ba ne. Nan ba a taro, ba a ɗaga murya. Mutum uku suka tsaya suna hayaniya, khalas, sai filin jirgi. Bizata a hannun mai kamfani take."

"Ba taro zan yi ba. Ni kaɗai ce."

"Iya, don Allah."

"Ƙaninki ne ko ba ƙaninki ba ne?"

Ta yi kuka, ta wanke fuska, da safe ta kai ni.

Jirgin ƙasa muka hau, yana tafiya a sama kan gada. Na jefa goro a baki, Binta ta zaro ido ta ce in haɗiye, wai tauna a cikinsa tara ce. Na haɗiye ɓarin goro ɗungum, ya tsaya mini a ƙirji har yamma. Na tambaya ina direba in gaishe shi, ta ce ba shi da direba. Na ce to in ya take mutum wa za a kama? Ta ce in yi shiru ana kallonmu.

Gidan da Ɗanjuma ke ciki dogo ne, in ka ɗaga kai ɗankwali zai faɗi. Babu zaure, babu dakali. Wani fili ne mai sanyi, ƙasa na sheƙi, ga maigadi cikin baƙar kwat. Na yi sallama don kaina, sai na ji ya amsa da Hausa. Alhasan sunansa, ɗan zangon Kumasi.

"Mma, wa kike nema?"

Na faɗa. Ya ce ba a hawa sai da kati, shi kuma an hana shi kiran mutanen sama in ba su suka nema ba. Na ce ba komai, na shimfiɗa dardumata a ƙasa daura da ƙofa na zauna. Binta ta tafi aiki tana waiwaye.

Kun san yadda ake yi a gida. Mai ƙorafi ba ya zama a kujera. Ƙasa kake zama a ƙofar babban mutum, mai wucewa ya tambaya, "Iya lafiya?" ka faɗa, ya faɗa wa wani, kafin yamma kunya ta fito da maigidan. Alhasan ya kawo kujera na ƙi. Ya ce, "Mma, za ki sa a kore ni." Ƙarshe ya ja ni bayan wata tukunyar shuka, ya gaya wa ubangidansa wai ɗana nake jira.

Na zauna yini guda. Turawa suka wuce, Indiyawa suka wuce, wata mata ta wuce da kare a hannu kamar jariri. Babu wanda ya ce lafiya. Ba wulaƙanci ba ne, ba su ma gan ni ba. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ubangidan Alhasan ya ce gobe in ya sake ganina 'yan sanda zai kira.

A ranar ne wani mutum ya fito daga ɗakin injuna da jakar kayan aiki, ya tsaya a kaina. Alhasan ya ce Bitrus ne, mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, mutumin duwatsun Adamawa. Ya durƙusa ya gaishe ni gaisuwar gida. Da ya ji labarina fuskarsa ta canza.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yaran dajin nan sun ƙone ƙauyenmu, sun ƙone cocinmu, babana a ciki. Ni da za a tambaye ni, a bar soja su yi aikinsu. A ƙara musu shekara goma ma."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni ma sun yanka maƙwabcina a gaban matarsa. Ka ji na ce a kori soja?"

"To me kike so?"

"In ɗana yana cikinsu, a kawo shi gaban alƙali a faɗa, ni zan zauna a layin gaba. In ba ya ciki a ba ni shi. In ya mutu a gaya mini rana da wuri."

Ya daɗe yana juya sukurdireba a hannu. Can ya ce, "Mama, kwana nawa kika yi a nan?" Na ce uku. Ya dubi Alhasan, Alhasan ya sunkuyar da kai.

Bitrus ya ce, "Ai manya ba sa bin ƙofar nan. Motarsu ƙarƙashin ƙasa take shiga, daga can lif ya ɗauke su har bakin ɗaki. Ko shekara kika yi ba zai gan ki ba."

Na juya wajen Alhasan. Ya ce, "Mma, na ji tsoro. Na ce in kin gaji za ki tafi." Ban zage shi ba. Shi ma yana da uwa da ke jiran albashinsa. Amma ku ji da kyau: kwana uku na yi ina gadin ƙofar da mai gida bai san da ita ba.

Bitrus ne ya ce, "Gobe Juma'a. Akwai masallacin da 'yan kasuwarku ke cika a Deira, ina shan shayi a gabansa in ba aiki. Can yake zuwa. Masallaci dai ba shi da ƙofar ƙarƙashin ƙasa."

Washegari na zauna a bakin matakala, wajen da takalma suke, rana kamar za ta narkar da mutum. Binta ta tsaya nesa ta rufe fuska da mayafi. Aka sallame, jama'a suka ɓarko: Kanawa, Damagarawa, mutanen Agadas, duk masu kunnen Hausa. Sai ga shi, ya yi ƙiba, shadda na ɗaukar ido, mutum biyu na biye da shi. Ban ce Onarebul ba. Na ce, "Ɗanjuma! Ɗanjuma ɗan Kande!"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dube ni, ya sake dubawa. Mutane suka fara tsayawa. Wani tsoho ya ce, "Iya lafiya?" Na ce a raina, yau na zo gida.

"Ni ce na yanke maka cibiya. Tana nan binne bayan rumbun kakanka. Ka gane ni ko in ƙara bayani?"

Ya durƙusa, dole ya durƙusa, ido ya yi yawa. "Iya Asabe! Me ya kawo ki nan? Mu je mota, akwai sanyi, mu yi magana a gida."

"Na ga gidanka. Nan ya fi."

"To ki rage murya, Iya, ƙasar mutane ce."

Na rage. Ban zo don a kori 'yata ba. Na ce, "A rediyo na ji dokar nan ba ta ƙaruwa sai kun ɗaga hannu. Ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"Sau nawa ka ɗaga?"

"Sau biyu."

"Da za ka ɗaga, ka tambaya ina ake kai waɗanda ake kwasa?"

Ya share gumi. Ya ce, "Iya, ba ki san yadda abin yake ba. Maganar tsaro ce. Duk wanda ya tashi ya tambayi soja a lokacin nan, gobe a ce yana tare da yaran daji. Ni kuma yaran dajin nemana suke su kashe, sun aiko mini har sau biyu. Ta ina zan bi?"

Na ga tsoron gaskiya ne a idonsa, ba na ƙarya ba. Na ce, "Ɗanjuma, ni da aska nake aiki. Duk ɗakin da na shiga da ita, akwai tsohuwar gidan tsaye a kaina tana kallon hannuna. Ranar taka kakarka ce ta tsaya, tana ce mini a hankali, ina za ki yanka, me ya sa nan. Ban ji haushinta ba, ban ce tana tare da mutuwa ba. Aikina yanka, aikinta kallo. Ku kun miƙa aska kun fita daga ɗakin, kun hau jirgi."

Ɗanjuma ya sa hannu a aljihu, na ce, "In takarda ce fito da ita. In wani abu ne bar shi a ciki." Ba shi da takarda. Wani Bamaraɗe ya yage bayan kwalin turare, ya miƙa masa alƙalami ya ce, "Ga bik, Alhaji, rubuta."

Na fara. Sale ɗan Asabe, tela, haihuwar damina. Audu ɗan Mairo mai ƙosai, da tagwaininsa ya zo, ɗayan bai zauna ba. Garba ɗan Hajjo, mai gyaran keke, kurma ne, ko an kira sunansa ba zai ji ba, a taɓa shi. Malam Isa mai guga, shekararsa sittin, yana da ciwon suga. Haka har goma sha huɗu, kowa da uwarsa. Ina faɗa yana rubutawa. Da ya gama na ce ni ba na karatu, a samu wanda zai maimaita mini. Bitrus ya tsallako titi da kofin shayinsa, ya karɓa ya karanta tiryan-tiryan. Sun cika. Kafin ya mayar ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ɗan mazaɓarka ba ne, amma ƙara tawa a ƙasa. Ranar da aka ƙone ƙauyenmu mun kira tun safe, ba wanda ya zo sai washegari. A tambaya me ya sa." Ɗanjuma ya rubuta.

Ya ce, "Iya, ban yi alkawarin za su fito ba."

"Ban ce ka fito da su ba, ba kai ke da makulli ba. Kafin ka ɗaga hannu ka buɗe baki. Shi ke nan saƙon."

Motar 'yan sanda ta rage gudu a bakin titi, kafin ka ce me jama'a sun watse kamar ba a taru ba. Binta ta ja ni, ba ta yi mini magana ba sai bayan kwana biyu. Sati na zagayowa aka cire mini yanar ido ɗaya, ɗayan na ce a bar shi sai wani jiƙon. A hanyar dawowa na'urarsu ta karɓe ni ba gardama.

To ga yadda kowa ya ƙare. Alhasan an ɗauke shi daga dogon gida an mayar da shi gadin sansanin leburori a Sonafur, ya aiko a ce mini can ya fi samun masu amsa sallama. Bitrus ya zo gida ya kwashe uwarsa ya kai ta Jos, ya koma bakin aikinsa, tambayarsa har yau ba amsa. Binta tana nan, ba a taɓa bizarta ba, ta ce in na sake cewa ido na ciwo likitan Kano za ta kai ni.

Ɗanjuma kuwa, na ji a rediyo majalisa ta kira manyan soja ta rufe ƙofa, da aka buɗe aka ƙara wata shidan. Ko ya karanta kwalin a ciki, ko bai karanta ba, ban gani ba, ba zan yi masa shaidar da ban gani ba. Abin da na gani shi ne bayan wata biyu an sauke mutum biyar a tashar mota, ƙafa ba takalmi, uwayensu ma sai da suka duba da kyau. Audu na cikinsu, da Garba kurma. Audu ya ce wani ya shigo da takarda yana kiran sunaye haɗe da sunan uwa, mai takardar ne ma ya taɓa Garba. Malam Isa ya riga ya cika tun watan farko. Da aka kira Sale ɗan Asabe ba wanda ya amsa, don an ɗauke shi da wasu zuwa wani wuri kafin azumi. Audu ya ce Sale da ƙafarsa ya hau motar da ta ɗauke su.

Da wata shidan ta cika majalisa ba ta sake ƙarawa ba, yaƙi bai tsaya ba, takwas ɗinmu ba su dawo ba. Zaɓe ya zo Ɗanjuma ya faɗi. Dattawan unguwa sun zo har sau biyu wai a yi wa Sale addu'a, Hadiza ta shiga takaba, a raba wa yara abin da ya bari. Na ce wa ya ga gawa? Wa ya faɗi rana? Ba za a yi wa ɗana sadakar uku ba sai mai suna da muƙami ya tsaya a gabana ya ce ga inda ya kai shi.

Sabon da aka zaɓa ba ni na yanke masa cibiya ba. Amma na san wadda ta yanke. Tana nan da ranta a unguwar maƙera, ƙafarta ƙalau, kuma mun riga mun yi magana.